Filin Gida da Sana'a: Ranar da motar albasa ta ƙi tashi a Garu

A wannan fitowa za mu leƙa ƙarƙashin bonet ɗin mota, domin kuwa a gidaje da yawa na wannan yanki namu, daga Gene har Madekali, motar ɗaukar kaya ita ce saniyar tatsa. Ita ke kai albasa da shinkafa kasuwa, ita ke biyan kuɗin makarantar yara, ita kuma ake tayarwa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama. Ranar da ta ƙi tashi, ba direba kaɗai ke shiga damuwa ba, har uwargida da ke cikin gida sai ta ji a tukunyarta.

Abin da za mu ba ku labari a gidanmu ya faru, a Garu, cikin watan Janairun 2024, ana tsakiyar ɗari. Yayanmu Alhaji yana da tsohuwar Toyota Hilux mai injin 3L, irin motar da mu nan muke ce wa bashe, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce a-kori-kura. Ta yi kwanaki tana shaƙewa idan an yi mata lodi, ta ja ta saki, ta ja ta saki, sai aka kai ta Malanbil wurin wani saurayi bakanike. Yaron ya sauke tanki ya wanke, ya fitar da ruwa da laka abin mamaki, ya canza matatar mai, wato filtir, ya kuma sauya wani tiyo da ya tsattsage. Aka tayar da mota ta tashi lafiya lau, direba ya kawo ta gida da magariba yana yabon aikin. A daren nan aka loda mata buhunan albasa na gida huɗu, ciki har da na wata baiwar Allah mai riƙon marayu, da nufin a yi sammako a riski masu saye na kudu kafin su cika motocinsu.

Bayan sallar asuba direba ya murɗa makulli. Inji ya kama, ya yi kamar numfashi biyar, ya yi tari ya mutu. Aka sake murɗawa, sitata na juyawa, inji shiru. Aka sake, aka kuma sake. Kafin gari ya waye sarai an yi cincirindo a ƙofar gida, kun dai san halinmu, idan mota ta ƙi tashi kowa bakanike ne, ana ba da shawara da Dendi da Hausa da Faransanci lokaci guda. Wannan ya ce sanyi ne, buji sun mutu. Wancan ya ce a tura. Wani ya ce a jiƙa tsumma da isansi a kara a bakin iskar inji. Mai babbar murya a cikinsu kuwa ya yanke hukunci cewa famfon inji ne ya tafi, sai an cire shi an kai Paraku. Wannan magana ita ta tayar wa Alhaji da hankali, domin Paraku ta fi kilomita 300 daga nan, gadar Gaya kuma a lokacin a rufe take tun bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai a watan Yulin 2023, kuɗin gyaran famfo kuwa zai cinye ribar albasar shekara. Nan take zuciya ta ɗebe shi, ya ce lalle yaron nan ya musanya masa wani abu a cikin inji, kuma sai ya kai ƙararsa.

Ana cikin haka wani dattijo maƙwabcinmu ya iso, tsohon direba ne da ya yi shekaru yana jan Peugeot 504 bashe tsakanin Kandi da Malanbil kafin idonsa ya raunana. Ya saurari kowa bai ce uffan ba, sannan ya dubi yayanmu ya ce, "Alhaji, zato zunubi. Kada ka yanke wa ɗan mutane hukunci ba a ji ta bakin mota ba." Ya juya wurin direba ya ce, "Ɗana, cire hannunka daga makullin nan, ka kusa kashe batir. Faɗa mini, jiya ina da ina hannu ya taɓa?"

Wannan tambaya ita ce dalilin rubutunmu na yau. Motar da ta shiga gareji da ƙafarta, aka taɓa hanyar mai, sannan ta ƙi tashi, kusan kullum ciwon yana nan inda hannu ya taɓa, kuma galibi ba ya wuce iska da ta shiga inda bai kamata ba. Da wuya ƙwarai a ce famfon da ya yi aiki jiya da yamma ya mutu cikin dare yana kwance. Sai dai kafin a gane dalili, dole mu ɗan yi bayanin yadda injin gazuwal yake, domin ya sha bamban da na isansi.

Injin isansi yana da buji mai tartsatsin wuta. Injin gazuwal ba shi da wannan. Tun wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala a birnin Augsburg a 1897, hikimar ɗaya ce: fistin ya matse iska tsantsa har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. A inji irin 3L ana matse iskar kusan ninki 22. Kafin mai ya iya kutsawa cikin iskar da aka matse haka, sai an turo shi da ƙarfin gaske, shi ya sa bakin feshi, wato injekta, ba ya buɗewa sai matsin ya wuce bar 100, alhali tayar mota bar 2 zuwa 3 ake hura mata. Famfo ne ke samar da wannan matsi, kuma yana iya yin haka ne saboda ruwa ba ya matsuwa: ka tura shi nan, ya tura can. Iska kuwa tana matsuwa kamar katifar soso. Idan kumfa ta shiga bututun, famfo zai tura, kumfar ta lotsa, ya saki, ta dawo, injekta kuma ba zai taɓa buɗewa ba ko da an kwana ana murɗa makulli.

Akwai abu na biyu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, har da wasu masu riƙe da sifana. A irin waɗannan tsofaffin Hilux babu famfon lantarki a cikin tanki mai turo mai gaba. Famfon inji ne da kansa ke zuƙo gazuwal tun daga tanki, ta cikin tiyo, ta cikin filtir, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Saboda haka idan akwai ƴar kafa a wannan hanya, mai ba ya ɗiga waje balle a gani, iska ce ke shiga ciki. Mutum zai duba ƙarƙashin mota ya ga ƙasa a bushe, ya rantse babu yoyo, alhali yoyon na nan, ciki yake yi. Muddin inji na gudu, famfo kan rinjayi ƴar iskar ya mayar da ita tanki ta bututun komawa, shi ya sa mota ta zo daga Malanbil lafiya. Amma da ta kwana a tsaye, iska ta yi ta shiga sannu a hankali, man da ke cikin tiyo ya gangara ya koma tanki. Da asuba inji ya ƙone ɗan abin da ya rage a cikin famfo, shi ne numfashi biyar ɗin nan, sannan ya haɗiyi iska ya mutu. Dattijon da ya ji an ce ta kama sannan ta mutu, sai ya yi murmushi, ya ce rabin aiki ya ƙare.

Duk da haka bai yi gaggawa ba, daga abin da ba ya cin ko dala ya fara. Ya sa aka buɗe tanki aka zura sanda, domin bayan an wanke tanki sau da yawa ɗan mai kaɗan ake mayarwa, allurar dashbod kuma ba abin dogaro ba ce a tsohuwar mota. Mai na nan. Ya sa aka shinshina, gazuwal ne, ba a gauraya shi da isansi ko kalanzir ba. Sannan ya sa direba ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa kawai, shi kuma ya kara kunnensa kusa da famfo. A bayan famfon akwai wani ɗan ƙarfe mai waya guda ɗaya, makanikanmu na ce masa elektiroban, shi ne ƙofar mai: idan wuta ta zo ya buɗe, idan an kashe makulli ya rufe, da haka ne ma injin gazuwal ke mutuwa. Idan mai gyara ya ture wayar nan da gwiwar hannu, ko fis ɗinta ya ƙone, mota ba za ta tashi ba har abada, gyaran kuma na minti ɗaya ne. Aka murɗa, ya ji ƙas, aka kashe, aka sake, ya ji ƙas. Ƙofa na buɗewa.

Daga nan ya aika wani yaro bayan mota ya tsaya wurin salansa, aka juya inji na ɗan lokaci. Babu hayaƙi ko kaɗan. Wannan shaida ce mai ƙarfi, kuma muna so masu karatu su riƙe ta. Idan ana juya inji farin hayaƙi mai warin ɗanyen gazuwal na fita, to mai na isa ciki amma ba ya kamawa, sai a nemi laifin a wurin bujin ɗumama inji, ko raunin batir, ko saitin famfo idan an taɓa cire shi. Idan kuwa babu hayaƙi sam, mai ne ba ya zuwa, kuma babu amfanin sayen sababbin buji. Masu cewa sanyi ne ba su yi wauta ba, domin wannan inji yana bukatar bujinsa da safiyar hunturu, sai dai a ranar salansa ta ƙaryata su.

Sai ya koma kan filtir. A saman kan filtir ɗin Hilux akwai wani maɓalli baƙi mai faɗi da ake dannawa da tafin hannu, ɗan famfon hannu ne da aka yi domin irin wannan rana. A ƙa'ida, idan aka yi ta dannawa zai jawo mai daga tanki ya cika filtir, ya yi tauri har ya gagari hannu. Dattijo ya danna ya fi sau hamsin, maɓalli na nan laushi kamar ba a taɓa shi ba. Ya ce a samo masa farin tiyo wanda ake ganin ciki, irin wanda magina ke auna daidaiton gini da shi. Aka yanko kamu biyu, aka wanke, ya sa shi tsakanin filtir da famfo, ya ci gaba da dannawa. Kowa ya matso ya gani da idonsa: mai na tafe, kumfa na biye da shi jere kamar carbi, ba ta yankewa. Da iskar da ta shiga lokacin canza filtir ce kawai, da ta ƙare bayan ɗan lokaci. Kumfar da ba ta ƙarewa tana nufin akwai ƙofar da take shigowa.

Saura a san ko famfon inji na da lafiya, domin hankalin Alhaji ya kwanta. Aka kawo galan mai tsabta, aka tace gazuwal da farin ƙyalle aka zuba, aka ɗora shi a kan rufin mota, aka zura tiyo daga galan kai tsaye zuwa famfo, an tsallake tanki da filtir ke nan. Da sifana mai lamba 17 ya sassauta notin bututun ƙarfe a kan injekta biyu, kamar rabin juyi, ya rufa musu tsumma, ya ce kowa ya janye hannunsa da fuskarsa. Batir ya riga ya galabaita, sai da aka aro na wata mota aka haɗa. Ya umarci direba ya juya inji daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar kawai, ya huta minti guda, ya sake, domin sitata idan ta yi zafi ƙonewa take yi, a tashi daga ciwo ɗaya a koma biyu. A juyi na farko kumfa ta fito daga bakin notin. A na uku mai ya fara tsartuwa tsantsa. Ya ɗaure notin, aka murɗa, inji ya yi gyatsa sau biyu ya kama, ya tsaya daram yana kaɗawa. Mai babbar muryar nan da ya aika mu Paraku sai ya tuna yana da aiki a gona.

A nan za mu dakata da labari mu yi gargaɗi da babbar murya, domin kada wani ya karanta wannan ya je ya jawo wa kansa. Sassauta notin injekta dabara ce ta tsofaffin injuna masu famfon ƙarfe zalla, irin su 2L da 3L da 5L na Toyota da injin tsohuwar Peugeot. Hilux masu rubutun D-4D a jiki kuwa, wani tsari ne dabam: mai yana taruwa a bututu guda da matsin da ya haura bar 1,000, kwamfuta ce kuma ke buɗe injekta. Man da ya tsarto da wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, ƙaramin rauni a ido amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa. A irin waɗannan motoci ba a kwance bututun ƙarfe inji na juyawa. A yi amfani da famfon hannu, a duba ko an mayar da kowace waya da aka cire a kan filtir da bututun, idan ta ƙi a nemo mai na'urar da ke karanta kwamfutar mota. Ita kwamfutar ba ta barin injekta su buɗe sai matsin ya kai inda take so, don haka waya guda da aka manta ta isa ta hana mota tashi.

Haka nan tsumman isansi da aka ba da shawara, Allah ya kiyashe mu da ba a yi ba. Bujin ɗumama inji suna yin ja wur, isansi kuma yana kamawa tun fistin bai kai inda ya kamata ba, sai ya buge shi ta baya. An sha fasa zobban fistin da wannan, wani lokaci wutar ta dawo ta bakin iska ta lashi hannun mai riƙe da tsumman. Turawa kuwa, ko da an tara samarin Garu duka, ba a tura mai cikin injin da iska ta toshe, balle mota mai lodi a cikin rairayi.

To, famfo ya kuɓuta, saura ɓarawon. Tun da inji ya tashi da galan, laifin yana tsakanin tanki da filtir. Dattijo ya bi tiyon da aka sauya, ya matsa kowane maɗauri, bai sami komai ba. Ya kwance filtir ya duba robar samansa, domin wani lokaci tsohuwar roba kan manne a sama a ɗaura sabuwa a kanta su zama biyu, nan ma lafiya. Sai ya juya filtir ɗin ya dubi gindinsa. A can ƙasa akwai wani abin roba mai waya da ake ɗaurawa, shi ke tara ruwan da ke cikin gazuwal ya kunna fitila a dashbod idan ya yi yawa, kuma ana cire shi daga tsohon filtir a mayar a sabo. Tsakaninsu akwai ɗan zoben roba. Da ya kwance sai ga tsohon zobe, ya bushe ya baje, gefe guda kuma ya tsage. Ya ce a duba kwalin sabon filtir. Direba ya lalubo kwalin a bayan kujera, aka girgiza, sai ga sabon zobe ya faɗo, ko buɗe ledarsa ba a yi ba.

Daidai lokacin nan bakaniken ya iso a kan babur, domin tun da safe an aika masa da saƙo mai zafi. Ya sauka jikinsa na rawa, ya durƙusa ya gaida mutane. Dattijo bai ce masa komai ba, ya dai miƙa masa zobban biyu a tafin hannu. Yaron ya dube su ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba Alhaji, laifina ne. Magariba ta yi, ina sauri, na ga tsohon kamar yana da sauran rai. A yi mini aikin gafara." Mu da muke tsaye mun san abin da yayanmu ya faɗa a kansa da asuba a gaban jama'a, shi ma ya sani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tashi, ɗana. Ni ma na faɗi abin da ya fi wannan zobe nauyi, kuma a gaban mutanen nan na faɗa, don haka a gabansu nake janyewa." Yaron ya shafa wa sabon zoben ɗan gazuwal ya ɗaura, ya mayar da filtir, ya danna famfon hannu. Kafin a ƙirga talatin ya yi tauri, farin tiyo kuma ya nuna mai garau babu kumfa ko ɗaya.

A ganinmu sakacin yaron na gaske ne, bai kamata a rufe shi ba, amma asalin ciwon ya girme shi. Ruwa da lakar da aka kwashe daga tankin ba shi ya zuba su ba. Man bido da muke saye a bakin hanya, da mazurarin da ke kwana cikin ƙurar hunturu, da tankin da ake bari rabi a daren sanyi har ya yi gumi a ciki, su suka kai mota gareji tun farko. Famfon irin wannan inji ba shi da wani man shafawa sai gazuwal ɗin da ke ratsa shi, saboda haka ruwa da kalanzir da ake gaurayawa su ne ke cin sa a hankali, kuma ranar da ya mutu da gaske babu zoben da zai tashe shi. Wanda ba shi da zaɓi sai man bido, ya bar shi ya kwanta, ya tace, kada ya juye na ƙasan, ya kuma riƙa kwance ɗan maɓallin gindin filtir yana zubar da ruwan da ya taru. Wanda kuma aka yi wa gyaran hanyar mai, ya karɓi tsofaffin kayan da kwalin sababbin ya duba, kuma kada ya ɗora wa motar kayan mutane a daren farko sai ta kwana ta tashi da safe.

Albasa dai ba ta isa kasuwar Malanbil ba sai bayan azahar, manyan masu saye sun riga sun ɗaure motocinsu, aka sayar wa ƴan kiri da ragi. Alhaji ya yafe wa gidajen uku kuɗin mota, ya kuma cika wa mai marayu abin da ya ragu daga aljihunsa. Batirin bai ƙara yin ƙarfi ba, kafin watan azumi sai da aka sayi sabo. Motar har yau wurin yaron nan ake kai ta, a bayan kujerarta kuma an ajiye kamu biyu na farin tiyo, da sifana 17, da zoben roba guda biyu a cikin gwangwanin madara.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah ya kai mu.